Kuɗin Fito

A ranar 14 ga Yuni, 1898, wakilan Ingila da na Faransa suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Faris, suka raba ƙasar Bargu gida biyu. Da suka zo inda iyakar za ta taɓa kogin Kwara, sai suka nemi abin da za su kafa ma'auni da shi, suka ɗauki Giris, wato kwatar garin Illo. Suka rubuta cewa daga tsakiyar Giris a auna mil 10 a miƙe, ta wajen da ruwa ke gangarowa, nan iyaka za ta faɗa kogi. Ba a gayyaci ko mutum ɗaya daga Illo wurin wannan zama ba. Amma awon nan shi ya sa yau Illo take cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi ana sayen gero da naira, Nikki kuwa tana Jamhuriyar Benin ana ciniki da sefa, alhali a bakin Bargawa wa da ƙane ne suka kafa garuruwan biyu.

Abin da ya kai sunan wannan ƙaramar kwata teburin manyan dauloli shi ne abin da ya raya ta tun farko: mashigi ce. Fataken ƙasar Hausa masu zuwa Gwanja neman goro dole su ƙetare Kwara, kuma ba ko'ina babban kogi ke yarda a ƙetare shi da dabba da kaya ba. Wasu ayarin sukan bi ta Yawuri, wasu ta Gaya, wasu kuma su biyo ta kasuwar Jega su faɗo Illo, daga nan su miƙa Kandi, Jugu, har Salaga, inda goron Asante ke jiransu. Suna tafe da kanwa da gishirin Foga, da tufafin Kano, da fatu, da dawaki. Ga madugu, ga jagaba a gaba, ga uban dawaki, ga malamin ayari mai riƙe da lissafi da addu'a. Komai yawansu, idan suka iso bakin ruwa sai sun tsaya. A sauke mangala, a loda kaya cikin jirage, a riƙe jakai a gefen jirgi suna iyo. Aikin kwanaki ne ga babban ayari. Kafin a tsoma ƙafa a ruwa kuwa, sai madugu ya shiga gari ya kai gaisuwa, an daidaita kuɗin fito.

A kan wannan kuɗin muke so mu tsaya. Mutum ya tare mashigi ya karɓi kuɗi, muna ce masa sarki. Wani ya tare hanya a daji ya karɓi kuɗi, muna ce masa ɗan fashi. Dukansu sun tsaya ne a inda matafiyi ya matsu, dukansu akwai makami a bayan maganarsu. To, mene ne ya raba su?

Illo ta ga masu karɓa iri-iri. Kyangawa suna cikin tsofaffin mazauna wannan gefen kogi, sai dai yau harshensu ya ja da baya ƙwarai, yawancin jikokinsu Hausa ko Dandanci suke yi. Gidan sarautar Bargu yana danganta kansa da Kisra, wanda aka ce daga gabas ya taso, kuma a ɗaya daga cikin ruwayoyin da suka fi yaɗuwa 'ya'yansa uku ne suka raba ƙasar: Woru ya zauna Busa, Sabi ya tafi Nikki, Bio ya kafa Illo. Wani abin lura shi ne, a Bargu waɗannan sunaye na jerin haihuwa ne, na fari da mai bi masa da na uku. Labarin dai yana gaya mana wane gari ne babba da wane ne ƙarami, kuma Illo ita ce auta. A 1505 Askiya Muhammadu na Songhai ya kawo yaƙi Bargu, ya yi asarar mayaƙa masu yawa. Ba da jimawa ba Kanta ya ɓalle daga Songhai ya kafa ƙarfin Kabi a Surame. Da sojojin Maroko suka karya Songhai a 1591, ragowar gidan Askiya suka gangaro ƙasar Dandi, maƙwabciyar Illo. Har gobe Bargawa suna alfahari da cewa duk waɗannan guguwowi sun kaɗa sun wuce, ba su durƙusar da su ba.

Mu kuwa da muka gaji labarin daga bakin fatake, wata fuskar Bargu muka sani. Babu dajin da ayarin Gwanja ke tsoro kamar nata. 'Ya'yan sarauta, waɗanda ake kira Wasangari, mahaya dawaki ne da suka tashi cikin yaƙi, kuma da yawansu ba su samu kujera ba. Wanda ya samu gari yakan karɓi gaisuwar madugu ya ba shi 'yan rakiya. Wanda bai samu ba, wani lokaci yakan yi kwanton ɓauna a kan hanya. Ka ga ke nan gida ɗaya ne ke fitar da mai karɓar fito da mai tare hanya, har ma yakan yiwu mutum ɗaya ne a shekaru daban-daban na rayuwarsa. Ba a nan kaɗai aka taɓa lura da wannan kusanci ba. Agustin, malamin Kirista na Arewacin Afirka da ya rasu a 430, ya kawo labarin wani ɗan fashin teku da aka gurfanar gaban Iskandar na Makadoniya, ya nuna wa sarkin cewa sana'arsu ɗaya ce, bambancin kawai shi ƙaramin jirgi guda gare shi, sarki kuwa runduna.

Amsar farko da za ta zo wa kowane Bahaushe tana cikin karin maganarmu: kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Sarkin mashigi yana karɓa, amma yana bayarwa. Ana samun jirage da matuƙa da suka san inda ruwa ke juyi. Ana samun zango, da masauki, da wanda zai raba gardama idan bafatake da ɗan gari suka saɓa a ciniki. Idan an sace jaki cikin dare, akwai ƙofar da za a je a yi ƙara. Ɗan fashi ba ya barin komai a bayansa sai tsoro. Wannan amsa ce mai ƙarfi, kuma mun yarda da rabinta.

Sai dai a duba abin da ke tilasta wa sarki yin askin. Ba lalle ba ne tsoron Allah ko kyawun hali, ko da yake ba a rasa masu su ba. Abin da ya fi riƙe shi shi ne Gaya tana nan, Yawuri tana nan. Madugu ba baƙon shekara ɗaya ba ne, kuma a zango ake baza labari. Sarkin da ya tsawwala bana, baɗi zai zauna yana kallon ruwa, ayari ya bi ta wani mashigin, masu sayar da fura da ciyawar dabbobi da masu masauki duk su juyo suna harararsa. Wato adalcin da bafatake ya samu a bakin kogi ya samo asali ne daga ikon da yake da shi na juya akalar jakinsa. In haka ne, sai mu tambayi halin wanda ba shi da akalar juyawa.

A cikin kayan da aka riƙa ƙetarewa da su a mashigan Kwara akwai mutane. Ayarin Gwanja sun kai bayi kasuwannin kudu sun musanya su da goro, kuma Salaga ta yi suna da wannan ciniki. Ga yarinyar da aka kamo a wani hari aka saka ta cikin jirgi tare da buhunan kanwa, sarkin da ya fi kowa tsare hanya shi ne wanda ya fi tabbatar da cewa ba za ta kuɓuta ba. An biya fitonta kamar yadda aka biya na jaki. Madugu ya tafi yana yabon amincin gari, kuma gaskiya ya faɗa, don ba a cuce shi ba. Mukan karanta tarihin fatauci da idon madugu, saboda shi ya dawo gida ya ba da labari, jikokinsa ne suka gina soraye a Kano. Amma in dai ma'aunin sarkin kirki shi ne ya yi wa mai biya aikin da ya biya, to, wannan ma'auni bai ga yarinyar ba sam. Abin da ya dame mu ke nan da amsar farko. Tana auna mulki da gamsuwar wanda ke da kuɗi da zaɓi.

Masu Jihadin 1804 sun zo da wata amsa dabam. A wurinsu ba aikin da aka yi da kuɗi kaɗai ake dubawa ba, har da ko Shari'a ta ba da izinin karɓarsa. A Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa ɗora wa fatake da matafiya haraji cikin halayen sarakunan da ya soka. Wannan mataki ne babba, don ya ɗora doka a saman sarki, ya ce akwai abin da ko ana jin daɗin mulkinka ba ka da hakkin taɓawa. Yammacin daular ya faɗa hannun Malam Abdullahi na Gwandu, Fulanin Ka'oje suka zama ƙarfin Gwandu a wannan gefen kogi, kusa da Illo. Amma riƙe ƙasa ya fi rubuta littafi wuya. Daga 1849 Kabawa ƙarƙashin Yakubu Nabame suka yi tawaye, Zabarmawa da Dandawa da Arawa suka mara musu baya, hanyoyin yamma suka rikice, sai a 1867 aka samu sulhun da ake kira Lafiyar Toga. A duk tsawon ƙarnin nan fatake ba su daina kai gaisuwa da biyan fito ba, bayi kuma ba su daina ƙetarawa ba. Ba muna faɗin haka don rage darajar malaman ba ne. Shi kansa Malam Abdullahi ya yi kuka da yadda son duniya ya shiga jama'a tun ana tsakiyar yaƙi.

Turawa kuwa da takarda suka zo. A Nuwamban 1894 Lugga, yana wa Kamfanin Neja aiki, ya riga Bafaranshe Decoeur isa Nikki da 'yan kwanaki, kowannensu ya koma da yarjejeniyar da ya ce an sa masa hannu. A farkon 1897 wani hafsan Faransa mai suna Bretonnet ya kafa sansani a Illo, ya wuce ya kafa a Busa. Abin da Faransa ke nema shi ne ƙafa a sashen kogin da zai sada ta da teku. Saura kaɗan ƙasashen biyu su gwabza, sai aka sasanta a Faris, Faransawa suka janye, Illo ta zama ta Ingila. Ba a jima ba kuma, kafin mulkin Turawa ya cika shekara 10, aka cire Illo daga Bargu aka haɗa ta da masarautar Gwandu a Lardin Sakkwato. Abin da takobi bai kammala ba cikin ƙarni guda, alƙalamin Razdan ya gama shi. A Busa irin wannan yanke-yanke, da tuɓe Sarki Kitoro Gani, su suka haifar da tawayen 1915.

Dole a faɗi cewa a zamanin nan ne aka rufe kasuwannin bayi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai tunanin yarinyar can. Dole kuma a faɗi cewa masu takardar ba su tambayi kowa ba, kuma sun kashe mashigin ba tare da sun harba masa bindiga ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga can ya hau dogo, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. A 1958 aka buɗe gada tsakanin Gaya da Malanville, kayan da ke tasowa daga Kwatano suka samu hanyarsu a can ƙetaren iyaka. Illo ta koma gundumar da ke can ƙarshen taswira, aka riƙa miƙa ta daga Jihar Arewa maso Yamma a 1967, zuwa Sakkwato a 1976, zuwa Kebbi a 1991. Duk da haka ta fi yayarta sa'a: tsohuwar Busa tana ƙarƙashin ruwan madatsar Kainji tun 1968.

Akwai wanda ba mu ambata ba a duk wannan jeri, shi ne mai fiton kansa. Ya ƙetarar da mahayan Bargu, ya ƙetarar da malaman Gwandu, ya ɗauki sojan Faransa bana, baɗi ya ɗauki na Ingila. Mai saurin hukunci zai ce ba shi da kishi, duk wanda ya zo nasa ne. Mu ba mu ga haka ba. Wanda ya san inda dutse yake a ƙarƙashin ruwa, ya san watan da kogi ke cika da lokacin da iska ke tasowa, amanar da ke wuyansa ita ce ran wanda ya shiga jirginsa. Sarakuna sun gaji junansu, amma ba wanda ya gaji wannan sani daga cikinsu, kowanne sai ya roƙe shi a wurin masu shi. Sai dai kada mu wanke shi tas. Hannun da ya tuƙa malami shi ya tuƙa baiwa, bai kuma tambayi laifinta ba.

Yau tambayar ta dawo da sabon kaya. A Agustan 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa don hana fasa-ƙwaurin shinkafa, a Nuwamba kuma aka hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Iyakar Kamba ba a buɗe ta ba sai a Afrilun 2022. Gwamnati tana da hujja. Manomin fadama a Kebbi, jihar da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a 2015, shi ke kwana ciki idan shinkafar waje ta cika kasuwa, kuma jirgin da ya iya ɗauko buhu cikin dare ya iya ɗauko bindiga. Amma mutumin Lolo ko na Tsamiya da ke neman man da zai zuba a injin ban-ruwa, ko matar da 'yarta ke aure a Segbana, su ba madugai ba ne. Ba su da wani mashigin da za su koma. Idan aka jera musu shingaye a hanya, a kowanne sai an miƙa wani abu ba rasit, su ne suka fi kowa sanin amsar tambayarmu, don sun san shingen da ke hana ɓarawo wucewa, sun kuma san wanda aikinsa ƙirga buhu ne kawai.

Mafi muni shi ne sabon mai karɓar da ya ɓullo. Lakurawa, waɗanda suka kashe mutane a Mera ta Ƙaramar Hukumar Augie a Nuwamban 2024, sun fara shiga yankunan Gudu da Tangaza ne da sunan kare jama'a daga ɓarayin shanu. Daga baya suka koma karɓar dabbobi suna kiran abin zakka. A ƙetaren iyaka ma, arewacin Benin yana fama da masu ɗauke da makamai daga dajin W. Duba da kyau, waɗannan mutane sun ari amsoshin nan biyu gaba ɗaya: suna cewa muna yi muku aiki, suna kuma cewa Shari'a ce ta ba mu. Abin da ba za su iya cewa ba shi ne, wanda muka karɓa a hannunsa yana da inda zai kai ƙararmu, ya dawo gida ya kwana lafiya. A ganinmu nan ne gwamnatin ƙuri'a take da abin da ta fi su da shi, in har ta riƙe shi. Akwai kotu, akwai jarida, akwai ranar zaɓe. Duk ranar da talakan bakin iyaka ya ga kai ƙarar mai shinge ɓata lokaci ne, to, a idonsa tazarar da ke tsakanin kakin hukuma da rawanin ɗan bindiga ta ragu, kuma masu rawanin sun san da haka.

Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, aka toshe gadar Malanville. Cikin 'yan kwanaki kwale-kwale suka cika bakin kogi, suna ƙetarar da mutane da buhuna a gefen gadar, kamar ba a taɓa gina ta ba. An yi ta yaba wa masu jiragen, kuma sun cancanta, don ba don su ba da iyalai da yawa sun rabu, kasuwanni sun mutu. Amma matafiyi ya matsu, sai kuɗin fito ya tashi. Shi ma mai jirgi, ranar da ya ga ba wani mashigi sai nasa, jarabar da ta kama sarki ita ke kama shi, kuma tasa takan fito ne ta hanyar lodi: ƙarin mutum biyar, ƙarin babur biyu, ruwa ya kusa bakin katako. A Mayun 2021 wani jirgi ya tsage a kogin nan kusa da Wara, a Ƙaramar Hukumar Ngaski, ɗauke da fiye da mutum 150, cikinsu mata da yara. Hukumomi suka ce lodi ne ya fi ƙarfinsa. Kaɗan ne aka ceto da rai, kuma fasinjoji ne masu biyan kuɗinsu.